Ajin Talata

Ran Talata masuntan Chorkor ba sa fita.
Koma na shanye, kwalekwale na kwance a yashi,
ni kuwa ranar nake buɗe aji.
Ba allo, ba benci,
sai yara mata goma sha ɗaya daga Nima,
silifa a hannu, hijabi ɗaure a ƙugu,
suna kallon teku kamar mai bin ubansu bashi.

Haka na kalle shi ni ma.
Shekarata tara, inna ta aike ni sayen komi.
A bakin mutanen Ga komi abinci ne,
a bakin kakata komi jirgi ne,
sai na bi maganar kakata,
na wuce mai tuya, na wuce mai banda,
har ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafata.

Tsoho Ataa Okine na ɗinkin filafili
da buhunan fulawa takwas.
Bai ce mini koma gida ba.
Ya ce, riƙe nan.
Shekara hamsin da takwas ke nan, ban saki ba.

A zango aka ce, Zuwera, ruwa ba sa'an kwando ba ne.
A makarantar jirgi da ke Nungua
aka duba takardata, aka duba ɗankwalina,
aka sake duba takardar.
Na yi shekara biyu ina kankare tsatsa a Tema
kafin wani kyaftin ya yi zazzaɓi
ya bar mini sitiyari daren da ba wata.
Na ga Dakar, na ga Luwanda,
na yi sallah alƙibla na juyawa da ni.
Ina tsakiyar ruwa inna ta rasu.
Wasiƙar ta jira ni sati uku a tasha,
wannan kam ba na koyar da shi.

Abin da nake koyarwa:
ƙulli bakwai da ba sa kwancewa sai ka so.
Dalilin da ruwa ke yin sanyi a watan Agusta
har kifi ya taso, kasuwa ta cika.
Yadda kunkurun teku ke haɗiye ledar ruwan da kika yar a kwatar Nima,
don kwata ba ta da wani gida sai nan.
Idan igiya ta ja ki, kada ki yi kokawa da ita,
bi gefe, bi gefe, har ta gaji.
An ce iska na wahalar da mai kayan kara.
Mai filafili kuwa, iska jakinsa ce.
An ce iya ruwa fid da kai,
na ce, to, sa'an nan a juya a fid da na baya.

Yanzu yana ta rufe idona na hagu,
hasumiyar Jamestown ta zama hayaƙi tsaye.
Gwiwata na faɗin hadari kafin rediyo.
Makon jiya Barikisu, wadda ta yi amai a cinyata
ranar fitarta ta farko,
ta karɓi igiya ba ta nemi izini ba.
Ta ce, Malama, daga ina take busowa?
Na ce, tambayi kuncinki.
Ta yi shiru, ta ɗan karkata kai,
filafili ya cika, itace ya yi ƙara,
gaɓa ta soma ja da baya.

Na zauna a tsakiyar jirgi
da rabin galan a hannu,
ina kwashe ruwan da ke shigowa ta tsaga,
ina mayar wa teku abinsa kaɗan-kaɗan.
Ba wadda ta waiwayo ta dube ni.
Gishiri ne a fuskata, kamar kullum.